Waiwaye: Motar Ta Iso, Wasiƙar Ba Ta Iso Ba

Ranar 18 ga Fabrairun 2010 sojoji ƙarƙashin Salou Djibo suka kifar da gwamnatin Tandja Mamadou a Yamai. Kwana shida bayan nan, ranar 24 ga wata, Akio Toyoda, jikan mutumin da ya kafa kamfanin motoci na Toyota, ya zauna gaban wani kwamitin majalisar wakilan Amurka yana ba da haƙuri kan motocinsa. Labarin Toyota ya zagaya duniya, amma a Arewa kunnenmu na wani wuri. Ga juyin mulki, ga daminar 2009 da ba ta yi kyau ba, rumbuna sun fara nuna gindi tun kafin bazara. Wanda ke lissafin tiya nawa ta rage masa a Kiyeshe ko Matankari ba shi da lokacin tausaya wa Ba'amurken da sabuwar motarsa ta ƙi tsayawa. Ba na ganin laifin kowa a kan haka.

Abin da ya sa na waiwayi zancen yau shi ne motocin. Waɗanda ake cacar baki a kansu a lokacin sabbi ne fil: Camry ta 2007 zuwa 2010, Corolla da Matrix da RAV4 na 2009 da 2010, Avalon, Highlander. A Turai kuma Yaris da Auris da Avensis. Duk wanda ya tsaya bakin babban titin da ya taso daga Yamai ya ratsa Doso da Kore Mairuwa da Dogon Dutsi ya nufi Birnin Ƙonni, zai ƙirga waɗannan sunaye kafin shayinsa ya huce. Masu su na farko sun gama da su sun sayar. Yanzu mu ne a ciki.

Abin ya faro ne ranar 28 ga Agustan 2009 kusa da birnin San Diyego a jihar Kaliforniya. Wani ɗan sandan kan hanya, ba ya bakin aiki, ya ɗauko matarsa da ƴarsa da surukinsa a cikin wata Lexus da dillali ya ara masa saboda tasa tana gareji. Totur ya maƙale a ƙasa, mota ta wuce kilomita 160 a awa, birki ya yi zafi ya daina kamawa. Surukin ya buga lambar neman agaji, aka naɗi muryarsa har zuwa lokacin da suka yi karo. Dukansu huɗu suka rasu. Bincike ya gano shimfiɗar robar da ke ƙarƙashin ƙafar direba ba ta wannan motar ba ce, ta wata babbar mota ce, ita ta danne totur ta hana shi dawowa. Da tashoshin talabijin suka saki wannan murya, Amurka ta ɗauki zafi.

Toyota ta yi kiranyen motoci kimanin miliyan 4 saboda shimfiɗa, wato ta aika wa kowane mai mota wasiƙa ya kawo a gyara masa kyauta. Ranar 21 ga Janairun 2010 ta ƙara wasu miliyan 2.3 saboda wani aibin daban: wani ɗan yanki cikin totur ɗin, wanda kamfanin CTS na jihar Indiyana ya ƙera, yana goge da amfani, danshi ya shige shi, sai totur ya yi nauyin dawowa. Kwana biyar bayan haka ta dakatar da sayar da nau'in mota takwas gaba ɗaya, abin da ba a saba gani ba.

A nan siyasa ta shigo, kuma biri ya yi kama da mutum. A 2008 Toyota ta ƙwace kambin kamfanin da ya fi kowa sayar da mota a duniya daga hannun General Motors, wanda ya riƙe shi shekara 77. A 2009 General Motors ya durƙushe, gwamnatin Amurka ta zuba masa kusan dala biliyan 50 ta tashe shi, ta zama mai kashi 61 cikin ɗari na kamfanin. Ke nan gwamnatin da ke tuhumar Toyota ita ce uwar ɗakin babban kishiyarta. Ranar 3 ga Fabrairu sakataren sufuri Ray LaHood ya faɗa wa ƴan majalisa cewa masu irin waɗannan motoci su daina tuƙa su, hannun jarin Toyota ya faɗi nan take, bayan ƴan sa'o'i ya ce suɓul da baka ya yi. General Motors kuwa ya yi shelar rangwamen dala 1,000 ga duk wanda ya bar Toyota ya dawo wurinsa. Gwamnonin jihohin Kentaki da Indiyana da Alabama da Misisifi, inda Toyota ke da masana'antu, suka rubuta wa majalisa suna nuna cewa gwamnatin tarayya tana da ƙafa a cikin rikicin. Su ma ba don Allah kaɗai suka rubuta ba, aikin mutanen jihohinsu suke karewa. Gabar kuma tsohuwa ce. Tun 1981 Amurka ta matsa wa Japan ta taƙaita motocin da take turo mata zuwa miliyan 1.68 a shekara, wannan matsin na cikin abin da ya sa kamfanonin Japan suka je suka kafa masana'antu a can.

Ƴan jarida ma ba su fita da hannu mai tsabta ba. Ana saura kwana biyu Toyoda ya bayyana, tashar ABC ta nuna wani malamin jami'a da ya taɓa wayoyin wata Toyota ya sa ta zabura da kanta. Daga baya aka gano hoton allurar inji da aka nuna tana harbawa sama an ɗauke shi ne motar tana tsaye, aka cusa shi tsakiyar hoton tafiya. Tashar ta amsa ta yi hakan. Ba kuma wannan ne farko ba. A 1986 wani shirin tashar CBS ya yi wa motar Audi ta Jamus irin wannan, da motar da aka yi wa dabara a ɓoye don ta yi tsalle gaban kyamara. Hukuma ta wanke Audi a 1989, amma cinikinta a Amurka ya faɗi daga mota 74,000 a 1985 zuwa kimanin 12,000 a 1991.

Babban zargin da aka yi ta yayatawa shi ne kwamfutar motar ce ke haukacewa. Gwamnati ta ɗauko injiniyoyin hukumar sararin samaniya, NASA, suka yi wata goma suna tonon abin. Ranar 8 ga Fabrairun 2011 suka ce ba su sami aibin lantarki da zai sa mota ta zabura haka ba. Abin da aka tabbatar shi ne shimfiɗa, da totur mai nauyin dawowa, da direbobin da suka taka totur suna zaton birki ne.

Wannan shi ne rabin labarin da ya iso tashoshin motarmu ya zauna. Ka ta da zancen a tashar Dogon Dutsi, za a sami wanda zai ce maka hassada ce kawai, Amurkawa sun ga an fi su. Na san inda wannan ƙauna ta fito. Hiace ce ke kai mu kasuwannin ƙauye, Hilux da Land Cruiser ne ke shiga rairayin Dallol Mauri su fita, tasin Yamai masu jan kai yawancinsu Starlet ne da Corolla. Kayan gyaransu na ko'ina, kuma yaron gareji na shekara 15 ya san cikinsu. Mutum ba ya son a zagi abin da ke ciyar da shi.

Sai dai akwai sauran rabin. Cikin takardun da majalisa ta karɓo akwai wata ta cikin gida ta Yulin 2009, inda ma'aikatan Toyota ke lissafa wa shugabanninsu nasarori, ciki har da cewa sun tsimi dala miliyan 100 ta hanyar shawo kan hukuma ta yarda da ɗan ƙaramin kiranyen shimfiɗa a 2007. An kuma gano kamfanin ya san matsalar totur a Turai, ya fara canza ƙirarsa a can, bai sanar da hukumar Amurka a kan lokaci ba. A Oktoban 2013 wata kotu a jihar Oklahoma ta ɗora wa Toyota alhakin wani hatsarin Camry ta 2005, bayan sauraron masana da suka soki tsarin kwamfutar motar. Ranar 19 ga Maris 2014 kamfanin ya amsa a rubuce cewa ya yaudari masu sayen motocinsa, ya biya tarar dala biliyan 1.2. Wanda aka yi wa sharri zalla ba ya sa hannu a irin wannan takarda.

Wata ɗaya kafin wannan tara, asirin General Motors ya tonu. Makunnin wasu ƙananan motocinsa, irin su Chevrolet Cobalt, yana da sako-sako. In direba ya rataya tarin makullai, ko gwiwarsa ta taɓa, ko mota ta faɗa rami, sai makulli ya juya inji ya mutu ana cikin gudu, sitiyari ya yi tauri, jakar iskar da ke kare mutum ta ƙi buɗewa. Injiniyoyin kamfanin sun san da haka fiye da shekara goma. Gyaran bai kai dala ɗaya a kowace mota ba. Asusun diyyar da kamfanin ya kafa da kansa ya amince da mutuwar mutum 124. Tarar da ya biya a 2015 dala miliyan 900 ce, ƙasa da ta Toyota. Kuma duk lokacin da ake yi wa Toyoda tambayoyi a 2010, waɗannan motoci miliyan 2.6 suna kan titi, gwamnati na riƙe da kamfanin. Ta sayar da ragowar hannun jarinta a Disamban 2013, kiranyen ya fito a Fabrairun 2014. Ban ce an shirya haka ba. Na ce laifi tudu ne, an taka na gida an hango na baƙo.

Abin da na ɗauka daga nan shi ne ƙarar hayaniya ba ta auna girman hatsari. Wani aibin a yi ta kururuwa a kansa saboda mai shi baƙo ne, wani a yi shiru saboda mai shi ɗan gida ne. Amma duk da son kai da ƙazantar da ke ciki, akwai abin da wannan rigima ta haifar wa Ba'amurke: wasiƙa ta zo masa har gida da lambar motarsa, ya je aka gyara, bai biya ko sisi ba. Dokarsu ta 1966 ce ta kafa tushen haka. Kamfanin da ya gano aibi yana da kwana biyar na aiki ya sanar da hukuma, da kwana 60 ya sanar da masu mota. Ƴan siyasa sun ci ribarsu, tashoshi sun ci tasu, mai mota ma ya sami nasa.

Yanzu bi motar. Ta yi shekara goma ko goma sha biyar, ta yi karo ko ta gaji, kamfanin inshora ya kai ta gwanjo. Dokar tarayyar Amurka ba ta tilasta wa mai sayar da tsohuwar mota ya kammala gyaran kiranye kafin ya sayar. Wani ya saya ta intanet, aka sa ta a jirgin ruwa, ta sauka Kwatano, ta kwanta a filayen Sekanji ko Ekpe har mai rabo ya zo. Shekara da shekaru hanyarta ke nan: Faraku, Malanbil, gadar Gaya, Doso. Tun da aka rufe gadar bayan juyin mulkin Yulin 2023 kaya suka koma bi ta Lome da Burkina Faso, tafiya ta ƙara tsawo da tsada. Hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙirga tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14 da Turai da Amurka da Japan suka fitar tsakanin 2015 da 2018, kashi 40 cikin ɗari Afirka suka zo. Masu binciken gwamnatin Holan da suka duba waɗanda ke barin tashoshinsu sun tarar yawancinsu ba su da takardar shaidar lafiya mai aiki. Kowace mota a cikin waɗannan tana da suna a rajistar kamfanin da ya ƙera ta, amma adireshin da ke gaban sunan na wani ne a Teksas ko Beljiyam. In aibi ya fito gobe, can wasiƙar za ta.

A kasuwar dabbobi ba ma yarda da haka. Dillalin da ya sayar maka da sa shi ne lamuninka, in ya fito na sata ne ko mai ciwon ɓoye ka san ƙofar da za ka buga, don haka yake cin la'ada. Motar miliyan huɗu ko biyar na sefa kuwa muna karɓarta ba mai tsaya mana, sai dai a buga taya da ƙafa, a saurari inji, a ce Allah ya sa alheri.

Aibin da ya fi tayar mini da hankali ba na totur ba ne, na jakar iska ne. Kamfanin Takata na Japan ya ƙera wa Honda da Toyota da Nissan da Ford da BMW da wasu da dama jakunkunan iska. A bayan kowace jaka akwai ɗan gwangwanin ƙarfe mai sinadarin da ke kamawa ya hura ta cikin ƙiftawar ido in an yi karo. Takata ya zaɓi amoniyam naitiret, irin wanda ake takin zamani da shi, domin yana da araha. Shekaru na zafi da danshi suna lalata shi. Ranar da aka yi karo, ko da ƙarami ne, sai ya ci da ƙarfin da ya wuce kima, gwangwanin ya tarwatse, ɓaraguzan ƙarfe su shiga wuya da fuskar wanda aka sa jakar don ta kare. A jihar Fulorida a 2014 ƴan sanda sun fara zaton wata mata da suka samu cikin motarta wuƙa aka daɓa mata. Mutum fiye da 30 sun mutu a duniya ta wannan hanya, waɗanda aka ƙirga ke nan. An yi kiranyen kimanin miliyan 67 a Amurka kaɗai, kusan miliyan 100 a duniya, kiranye mafi girma a tarihin mota. Takata ya amsa laifin ɓoye sakamakon gwaji, aka ci shi dala biliyan 1, ya karye a Yunin 2017.

Wani zai ce ƙasarmu busasshiya ce. Haka ne, kuma danshi na cikin abin da ke lalata sinadarin. Amma motar ba a Arewa ta yi ƙuruciyarta ba. Ta yiwu ta yi shekara goma a gaɓar tekun kudancin Amurka, ta yi makonni a cikin jirgi, ta yi watanni a iskar tekun Kwatano, sannan ta zo ta kwanta a ranar watan Afrilu, wadda ke sa tablo ya gagari taɓawa, damina kuma ta biyo baya.

Labarin Faransa ya kamata ya tsaya wa kowa a rai. Jakunkunan Takata sun yi ta kashe mutane a tsibiranta masu zafi, Gwadalup da Reyuniyon da sauransu, shekara da shekaru. Zuwa tsakiyar 2025, cikin mutum 18 da hukuma ta lissafa sun mutu, 16 a can suke. Sai a Mayun 2024 aka ce wa masu Citroën C3 na kudancin Faransa su ajiye motocinsu, kuma sai da wata mata ta mutu a birnin Reims a Yunin 2025 aka faɗaɗa umarnin ga ƙasar duka. Mutanen tsibiran nan ƴan ƙasa ne, suna da katin zaɓe da lauyoyi da wakilai a majalisar Paris, amma mutuwarsu ba ta yi nauyin ta cikin gida ba. To ina ga direban da ke jigila tsakanin Tibiri da Gesheme?

Na taɓa zama a wani gareji ƙarƙashin dogon yaro a Dogon Dutsi ana duba motar wani ɗan'uwana. Akwai wata ƴar fitila ja a tablo, mai hoton mutum zaune da ƙwallo a gabansa, ta ƙi mutuwa. Na tambayi makanikin. Ya ce, "Malam, wagga hitila ba ta hana mota tahiya. In ta dame ku in liƙe ta." Ya ɗauko baƙin salatif yana jira. Da na matsa, ya kwance murfin sitiyari ya nuna mana. Ba komai a ciki sai soso da aka cusa, an manne murfin da gam an shafa masa baƙin fenti. Motar ta yi karo a wata ƙasa, jakar ta fashe, wani a hanya ya rufe wurin ya sayar. Makanikin ba mugu ba ne, hannunsa na da kyau, kuma bai taɓa jin sunan Takata ba. Ya ce in muna so akwai jakar gwanjo da ake cirowa daga motocin da suka mutu. Wato ta yiwu mu biya kuɗi mu sayo ainihin abin da ake kiranye a kansa.

Shimfiɗa ma haka. Saboda ƙura da yashi, direbobinmu na ɗora kafet a kan robar da mota ta zo da ita, wani ya ƙara guntun darduma a sama, ba ƙugiyar da ke riƙe ko ɗaya. Abin da ya kashe mutum huɗu a Kaliforniya ke nan. Duk direba ya kamata ya san cewa in totur ya maƙale, a taka birki da ƙarfi a riƙe ba a saki ba, a mayar da giya fili, mota ta tsaya sannan a kashe inji. In mai maɓalli ce, sai an danne maɓallin kamar daƙiƙa uku kafin ya mutu.

Na san abin da za a ce mini, kuma akwai gaskiya a ciki. Abin da ya fi kashe mu a hanya lodi ne da ya wuce kima, da tayoyin gwanjo da suka sha rana, da gudu, da barci, da manyan motocin da ke tsayawa cikin duhu ba alama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 1.19 suka mutu a hanya a 2021, kuma Afirka, mai kimanin kashi 3 cikin ɗari na motocin duniya, ita ke da kusan kashi ɗaya cikin biyar na mamatan. A gefen wannan, aibin masana'anta ƙaramin abu ne. To amma ta yaya muka san ƙarami ne? In hatsari ya faru jandarma su auna titi su rubuta, rediyo ta faɗi adadin mamata ta ce gudu ne, dangi su yi jana'iza kafin rana ta faɗi, mu ce kwana ya ƙare. Na yi imani da ƙaddara kamar kowane musulmi. Imani bai hana a tambayi me ya yanka wuyan mutumin da motarsa ko gilashi ba ta fasa ba. A Amurka an gano aibin makunnin General Motors ne saboda iyayen wata matashiya sun ƙi haƙura, lauyansu ya ɗauko injiniya ya kwance makunnin ya gwada shi da sabo. Mu gawar motar ma kafin mako an sayar da ita kayan gyara.

Siyasar ciniki kuwa muna da irin tamu. Duk lokacin da gwamnatocin yankin nan suka ta da zancen tsofaffin motoci, ka saurara da kyau za ka ji kuɗin duwan ne a ƙasa. Najeriya ta ɗaga harajin shigo da mota a tsarinta na 2013 don ta farfaɗo da masu haɗa mota a gida, ta kuma hana shigo da su ta iyakokin ƙasa daga 1 ga Janairun 2017. Abin da ya biyo baya mun gan shi da idonmu mu da ke maƙwabtaka da Kabi da Sakkwato: motocin fito da ke bin daji da dare. A 2020 ƙungiyar CEDEAO ta amince da ƙa'idar shekarun mota da hayaƙin da take fitarwa, sai ga shi Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025. Masu sayar da sabbin motoci na son a hana tsofaffi, masu shigo da tsofaffi na cewa talaka ake so a hana hawa, kowa na rantsuwa da lafiyar jama'a. Sabuwar ma ba tabbas ba ce. A 2020 ƙungiyar Global NCAP ta haɗa karo tsakanin sabuwar Nissan NP300 da ake sayarwa a Afirka da tsohuwar Navara ta 2015 da aka yi wa Turai. Sabuwar ce ta murƙushe a kan direbanta. Don haka ba na cikin masu cewa a rufe ƙofa ga tsohuwar mota. Malamin makaranta ko ɗan kasuwar Kiyeshe ba zai sayi sabuwa ba ko an hana, babur zai koma, can kuma mutuwa ta fi kusa.

Abin da nake nema ya fi wannan sauƙi. Kowace mota tana da lambar shasi mai harafi da lamba 17, tana ƙasan gilashin gaba ta gefen direba, tana jikin ginshiƙin ƙofa, tana kuma kan kart giriz. Tun 2014 hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka, NHTSA, ta buɗe shafin da kowa zai sa wannan lamba ya ga ko akwai gyaran da ba a yi wa motar da ta fito daga Amurka ba, kyauta, kuma kamfanoni da yawa suna da irinsa. Wayar da ake kallon kokawa da ita ta isa. Ma'aikacin duwan yana rubuta wannan lambar da hannunsa don ya yanka haraji. Ƙarin minti biyu ne ya duba ta, a buga sakamakon a takardar mota, mai saye ya san abin da ya saya. Tarayyar Turai ta gabatar da shawara a 2023 cewa kada a fitar da motar da ba ta cancanci hawa titinsu ba. Hakkinmu ne mu nemi a haɗa da gyaran kiranye kafin mota ta hau jirgi.

Hanyar kawo kayan gyaran ma akwai ta. CFAO, wakilin Toyota a Yamai, mallakar Toyota Tsusho ne tun 2012, wato ɗan gida ne. Ma'aikatar sufuri da hukumar kiyaye haɗurran hanya, ANISER, suna da hurumin zama da shi da sauran wakilai, su tambaya a rubuce: motar da kamfaninku ya amsa tana da aibi, in ta shigo Nijar, wa zai canza kayan, a ina, da kuɗin wa? Kamfanin da ya biya dala biliyan 1.2 saboda ɓoye magana ba zai so a ji ya ƙi amsa wannan tambaya ba. Ƙungiyoyin direbobi na iya tara lambobin motocin tasha guda su miƙa gaba ɗaya. Gidajen rediyon karkara, da ke karanta sanarwar ɓatan akuya da ɗaurin aure, suna iya karanta jerin motocin da abin ya shafa.

In za a fara, ga inda za a fara. A Janairun 2024 Toyota ta gargaɗi masu motoci kimanin 50,000 a Amurka da kada su sake tuƙa su sai an canza jakar iska: Corolla da Matrix na 2003 da 2004, da RAV4 ta 2004 da 2005. Honda ta yi irin wannan gargaɗi kan Accord da Civic na 2001 da 2002, waɗanda gwaji ya nuna gwangwaninsu na iya tarwatsewa har sau ɗaya cikin biyu. A RAV4 jakar direba ce mai aibin. A Corolla da Matrix kuwa ta kujerar gaba ce ta fasinja, kujerar da a motocin hayarmu ake cusa mutum biyu, wani lokaci da yaro a cinya.